Jan Fenti Mai Duhu a Cikin Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Ja mai duhu, irin wanda ake kira jinin kare ko ruwan hanta, yana ɗaukar ido a hoto, amma da wuya a sami launin da ya fi shi wahalar da mai fenti. Yawancin waɗanda suka shafa suka yi da-na-sani ba launin ne ya cuce su ba. Abin da ke ƙarƙashin fentin ne, ko fitilar da ke samansa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane irin ja ake nufi da ja mai duhu?

Ba ja ɗaya ba ne. Akwai wanda ya karkata zuwa ruwan ƙasa, kamar jan bulo ko tsatsa. Akwai wanda ya karkata zuwa shunayya, wato wanda aka ɗiga masa shuɗi. Akwai kuma jan da bai karkata ko'ina ba, baƙi kawai aka sa aka danne shi. A cikin gwangwani duk kusan ɗaya suke, sai sun hau bango kowanne ya nuna halinsa.

Mai karkata zuwa ruwan ƙasa ya fi sauƙin zama da mutane: yana jituwa da katako da fata, yana rufe bango da wuri, kuma ba ya saurin koɗewa. Mai karkata zuwa shunayya ya fi kwarjini, amma yana da tsirfa. Fitilar da ba ta dace ba tana iya mayar da shi wani launi da ba ka taɓa nema ba. Wanda bai taɓa zama da jan bango ba, ni dai zan ce ya fara da na farkon.

Ba zai sa ɗakina ya yi duhu ya matse ba?

Duhu kam zai yi, babu ja-in-ja a nan. Kamfanonin fenti da yawa suna rubuta wata lamba a bayan katin launi mai suna LRV, wadda ke nuna yawan hasken da launin ke mayarwa cikin ɗaki, daga 0 zuwa 100. Farin fenti yakan kai 80 ko fiye. Ja mai duhu yawanci yana tsakanin 5 da 15. Wato cikin hasken da ya faɗa wa bangon, kusan kashi tara cikin goma bangon ne ke shanyewa.

Matsewa kuwa wata magana ce daban. Abin da ke nuna wa ido iyakar ɗaki shi ne kusurwoyi da layin da bango ya haɗu da silin. Launi mai duhu yana ɓoye kusurwoyin, musamman da dare, sai ido ya rasa takamaiman inda bango ya tsaya. Shi ya sa ƙaramin ɗaki da aka yi wa ja gaba ɗaya yakan zama kamar ya yi zurfi. Wanda ke matsewa shi ne ɗakin da aka yi wa jan bango, aka bar silin fari fat, aka rataye ƙwai ɗaya tak mai kashe ido a tsakiya.

Wane ɗaki ne ya fi dacewa da shi?

Ɗakin da aka fi amfani da shi bayan faɗuwar rana, ko wanda ba a daɗewa a ciki: ɗakin cin abinci, ɗakin karatu mai kantocin littattafai, ƙaramin falo, mashigar gida, bayin baƙi. A irin waɗannan wurare hasken fitila ne ke mulki, shi kuwa ja a ƙarƙashin fitila yake fito da kyansa.

Inda ba na ba da shawara: ɗakin da ake aikin da ke buƙatar ganin launi daidai, kamar ɗinki, zane ko kwalliya, domin bangon yana watsa ja a kan duk abin da ke kusa da shi, har fuskar mutum a madubi. Haka ɗakin da ake wuni ana aiki a gaban kwamfuta, ido kan gaji da bambancin allo mai haske da bango mai duhu.

Bango ɗaya zan yi ko duka huɗu?

Mutane sukan zaɓi bango ɗaya don tsoro, suna ganin kamar sun rage haɗari. Sau da yawa ƙara shi suke yi. Jan bango ɗaya a tsakanin farare uku yana fitowa tsirara, bambancin ya yi tsanani, duk wanda ya shigo shi zai fara gani, ya kuma ci gaba da gani. Bango huɗu kuwa, bayan ɗan lokaci ido yana sabawa, launin ya koma baya, kayan ɗakin su fito.

Bango ɗaya yana yin kyau idan akwai dalili: bangon da kan gado yake jingine, lungun da aka kafa kantoci, bangon da ke ƙarshen doguwar baranda. Sharaɗin shi ne sauran ukun kada su zama fari fat. A ba su ruwan madara mai ɗan duhu ko ruwan ƙasa mai haske, su tarbi jan.

Akwai hanya ta uku da ba a cika tunawa da ita ba: a raba bangon, ja daga ƙasa zuwa tsayin kimanin mita ɗaya, launi mai haske daga nan zuwa sama, a sa siririn katako a mahaɗar. Ana samun nauyin jan ba tare da an rasa hasken ɗakin ba.

Silin fa?

In ba za ka yi masa ja ba, to kada ka bar shi fari mai ƙyalli. Fari mai ɗan ruwan madara ya fi. Kuma ka sani, ko me ka shafa masa, zai ɗan ɗauki ruwan hoda daga hasken da bangon ke mayarwa. Ba laifin fentin silin ba ne.

Na shafa sau uku, har yanzu ina ganin shacin rola da farin bango yana leƙowa. Fentin jabu ne?

Mai yiwuwa ba jabu ba ne. Wannan ita ce babbar matsalar ja, kuma dalilinta yana cikin yadda ake haɗa fenti.

Abin da ke ba fenti ƙarfin rufe bango shi ne wani farin gari na sinadarin titaniyam. Farin fenti da launuka masu haske cike suke da shi, shi ya sa shafi biyu ke isar su. Amma in ka zuba jan launi a cikin fentin da ke cike da farin gari, ruwan hoda za ka samu. Saboda haka, don a sami ja mai duhu, sai a ɗauko tushen fenti wanda kusan babu fari a cikinsa, a ɗura masa launi mai yawa, wani lokaci ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ke gwangwanin. Su kuma yawancin launukan ja masu haske da ake haɗawa a masana'anta, haske yana ratsa su. Sai fentin ya zama kamar shara-sharan yadi: duk abin da ke ƙarƙashi ana gani, kuma inda ya ninku ya fi duhu. Haske yana ratsa jan, ya daki farin bango, ya dawo idonka. Inda rola ta bi sau biyu ya yi duhu, inda ta bi sau ɗaya ya yi haske. Shacin da kake gani ke nan.

Maganin ba ƙara ja ba ne, canza abin da ke ƙasa ne. Kafin ja ya hau, a fara shafa fentin shimfiɗa, wanda masu fenti ke ce wa firaima, mai ruwan toka. Toka ba ta mayar da haske da ƙarfi kamar fari, don haka bambancin da ke tsakanin wuri mai kauri da wuri mai sirantaka yana raguwa ƙwarai. A kan toka, shafi biyu zuwa uku sukan wadatar. A kan fari, ana iya kaiwa biyar ana neman na shida.

Wasu sukan sa a ɗiga ja a cikin farar firaima, ta koma ruwan hoda. Ya fi fari, amma bai kai toka ba.

Wani abu kuma: shafin farko na ja kullum muni gare shi. Dabbare-dabbare, kamar an yi ɓarna. Mai gida yakan shigo a daidai wannan lokacin hankalinsa ya tashi, ya ce a tsaya. Kada a yanke hukunci sai shafi na biyu ya bushe sarai.

Tokar mai duhu ko mai haske?

Gwargwadon duhun jan. Ja mai duhu sosai yana son toka matsakaiciya zuwa mai ɗan duhu, ja mai ɗan haske yana son toka mai haske. In tokar ta yi duhu da yawa za ta kashe jan, ya koma kamar ruwan ƙasa. Wasu kamfanoni suna rubuta lambar tokar da ta dace da kowane launi a jikin katin. In babu, ɗauki hoton katin launin da waya, ka mayar da hoton baƙi da fari. Tokar da ka gani, ko wadda ta ɗan fi ta haske, ita kake nema.

Fenti nawa zan saya?

Lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, in bangon sumul yake. Ɗauki ɗaki mai faɗin mita 4, tsawon mita 5, tsayin mita 3. Zagayensa mita 18, a ninka da 3, ya ba da murabba'in mita 54. Cire kamar 6 na ƙofa da tagogi, saura 48. Kowane shafi zai ci lita huɗu zuwa biyar. Ka yi lissafin shafi uku, wato kusan lita 15 na ja, da lita 5 na firaima. Bango mai kaushi ya fi haka ci.

Sayi duka a lokaci ɗaya, sa'an nan ka juye gwangwanayen a babban bokiti guda ka gauraya kafin a fara. Gwangwani biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya ɗan bambanta, kuma a launi mai duhu ɗan bambancin nan yana fitowa ƙuru-ƙuru a tsakiyar bango.

Kada a tsinka shi da ruwa fiye da abin da aka rubuta don ya yi auki. Kuma a nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take da gaskiya: fenti mai arha launinsa kaɗan ne, abin da ka rage a gwangwani za ka biya shi a yawan shafi da ladan aiki.

Me ya sa launin da na gani a kati ya bambanta da wanda ya fito a bango?

Katin bai fi tafin hannu ba, kuma farar takarda ce ke kewaye da shi, a ƙarƙashin fitilar kanti. Launi idan ya mamaye babban fili ƙarfinsa yana ƙaruwa a ido, sa'an nan bango huɗu suna mayar wa juna haske, jan ya ninka kansa. Don haka abin da ya yi maka daidai a kati zai iya yin ihu a ɗaki. Zaɓi wanda ya ɗan fi abin da kake so dusashewa.

Gwaji kuwa a yi shi da gaske. Samo falle biyu na kwali ko filawud, kowanne kamar rabin mita zuwa mita ɗaya, ka shafa toka, ka bi da ja sau biyu. Jingina ɗaya kusa da taga, ɗaya a kusurwar da ta fi duhu. Duba da safe, da rana tsaka, da magariba, da kuma dare bayan an kunna fitila. Ka ajiye shi kusa da kujera, labule da daɓen ɗakin, domin da su zai zauna. Kada ka shafa gwajin kai tsaye a farin bango: farin da ke kewaye zai ruɗe ka, kuma shacin wurin yakan fito daga baya.

Wace irin fitila ce ta dace da jan bango?

Wannan tambayar ta kai ta firaima muhimmanci, amma ba a cika yin ta ba. Bango ba ya ƙirƙirar launi, abin da fitila ta ba shi yake mayarwa. In babu isasshen ja a cikin hasken ƙwan, babu abin da bangon zai mayar, sai ya fito a mace, kamar hanta da ta kwana.

Duba abu biyu a kwalin ƙwan. Na farko lambar da ke ƙarewa da K. Daga 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗumi, mai ɗan rawaya, shi ja yake so. Daga 5000K zuwa 6500K fari ne mai shuɗi-shuɗi, yana tura ja zuwa shunayya, ya sa shi sanyi. Na biyu lambar CRI, wadda ke nuna yadda ƙwan yake fito da launuka. Nemi 90 ko fiye. Sai dai akwai wani abu a nan: ana lissafa CRI ne daga launuka takwas masu sanyin haske, kuma babu ja mai ƙarfi a cikinsu. Ma'aunin jan daban yake, sunansa R9. Ƙwan LED yana iya samun CRI 80 alhali R9 ɗinsa yana kusa da sifili. In an rubuta R9 a kwalin, nemi 50 zuwa sama.

Yawan fitilu ma ya fi ƙarfinsu amfani. Fitila uku ko huɗu a wurare daban-daban, ta tebur, ta bango, ta tsaye a kusurwa, sun fi ƙwai ɗaya mai ƙarfi a silin nesa ba kusa ba. Hasken da ya faɗo wa jan bango daga kusa yana sa wurin ya yi kamar garwashi, ya dusashe a hankali zuwa duhu, kuma wannan dusashewar ita ce kyan launin.

Za ka kuma lura da magariba, kafin a kunna wuta, jan bangon yana riga komai yin baƙi, alhali shuɗi da kore suna nan ana ganinsu. Halittar ido ce. A ƙarancin haske, ƙwayoyin ido masu aikin dare ba sa jin ja sosai. Wani masani ɗan ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Cek, Jan Purkinje, shi ya bayyana haka a farkon ƙarni na 19, kuma da sunansa ake kiran abin har yau. Ma'anarsa gare ka ita ce, ɗaki mai ja yana buƙatar a kunna masa fitila da wuri.

Mai ƙyalli ko marar ƙyalli?

Marar ƙyalli ya fi fito da zurfin launin, ya kuma ɓoye ƙananan ramuka da tudun bango. Aibinsa shi ne duk inda kafaɗa ko bayan kujera ya goga, wurin yana yin sheƙi, kuma ba ya komawa. Mai ƙyalli sosai yana wankuwa, amma yana tona asirin filasta: kowane ƙulli da kowane layin cokalin magini zai fito. Ga yawancin ɗakuna, na tsakiya mai ɗan sheƙi kaɗan shi ne daidai. Akwai kuma marar ƙyalli mai wankuwa da kamfanoni ke yi yanzu, ya dace da inda yara suke.

Jan bango mai ƙyalli kamar madubi abu ne mai kyau matuƙa, amma aikin gwanaye ne: cike rami, gogewa da samfefa, sake cikewa, sake gogewa, sau da yawa kuma feshi ake yi ba rola ba.

Akwai wata dabara wajen shafawar kanta?

Akwai. Matsalar da aka fi gani ita ce wani zobe mai duhu da ke zagaye bango ta gefen silin, ƙofa da taga, inda aka bi da buroshi. Yana faruwa ne idan aka zagaye ɗakin duka da buroshi, ya bushe, sa'an nan aka zo da rola ta hau kansa. A yi bango ɗaya-ɗaya: a ja gefen da buroshi, a bi da rola nan take tun yana ɗanye, a matsa da ita kusa da gefen iya yadda za a iya. Mutum biyu sun fi, ɗaya da buroshi a gaba, ɗaya da rola a baya.

A cika rola da fenti, kada a matse ta a bango don a tatse ragowar. A gama kowane layi daga sama zuwa ƙasa ta fuska ɗaya. In an fara bango kada a tsaya sai an kai kusurwa. Kuma in ka hango wani ɗan wuri da bai ji ba bayan minti goma, ka bar shi, shafi na gaba zai rufe. Komawa kansa yana ɗan kamewa shi ke barin tabo.

Tsakanin shafi da shafi a ba shi lokaci fiye da na farin fenti. In gwangwani ya ce awa huɗu, ƙara wasu ba zai cutar ba, kwana ma ya fi. Salatif ɗin da aka manna a gefen silin a cire shi tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba. A rufe daɓe da kyau, domin ɗigon ja a kan tayil mai haske ko kafet ba ya fita da daɗi.

Sabon gini ne, filastar ba ta daɗe ba. Zan iya shafawa?

Dakata. Sabuwar filastar siminti tana da kaifin sinadari irin na toka mai ƙarfi, wanda ke ƙona wasu launukan ja, su yi fari-fari a wurare. Ga kuma damshin da ke fitowa yana turo farin gishiri saman bango. A farin bango ba a cika lura ba, a jan bango kuwa kamar an watsa alli. A bar ta aƙalla mako huɗu, fiye da haka in lokacin damshi ne, sa'an nan a fara da firaimar da aka yi musamman don sabon siminti. Bangon da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsa kuwa, a gyara ruwan tukuna.

Na goge bangon da jiƙaƙƙen tsumma, sai ja ya fito a jikinsa. Lafiya?

In fentin bai yi wata ɗaya ba, lafiya lau. Fentin ruwa yana bushewa a taɓa cikin awa ɗaya ko biyu, amma ƙanƙamewarsa ta gaske tana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu, masu duhu kuma su ne a ƙarshen layi saboda yawan launin da ke cikinsu. Kafin nan kada a wanke, kada a jingina kaya.

Wani lokaci kuma, a banɗaki ko inda tururi yake, za ka ga wasu layuka masu sheƙi da danƙo suna gangarowa. Sinadaran da ke riƙe launi a cikin fenti ne damshi ya jawo waje kafin ya bushe. A goge a hankali da ruwa da soso mai laushi, sau ɗaya ko biyu, suna ɓacewa. Kada a shafa sabon fenti a kansu.

Ja yana koɗewa?

Ya danganta da abin da aka yi shi da shi. Jan da aka samo daga sinadarin tsatsar ƙarfe, irin wanda ke cikin jar ƙasa, rana ba ta yi masa komai. Zanen da mutanen zamanin da suka yi da shi a kogunan dutse yana nan bayan dubban shekaru. Ja mai haske na masana'anta, musamman mai arha, shi ne hasken rana ke ci, har in ka ɗaga hoton da ya shekara a rataye ka ga shacinsa. Akwai na zamani masu juriya, kamar wanda kamfanin Ciba-Geigy na Suwizalan ya yi wa rajista a 1983, wanda ake fentin motoci da shi, amma sun fi tsada.

Matsalar tsohuwa ce. Vitruvius, masanin gini na Rum, ya ba da labarin wani magatakarda mai suna Faberius da ya sa aka shafe bangon tsakar gidansa da ja mai tsada, cikin kwana talatin rana ta ɓata launin. Shawarar da ya bayar ita ce a rufe irin wannan jan da kakin zuma. Ta yau ta fi sauƙi: bangon da rana ke duka kai tsaye a ba shi ja mai ruwan ƙasa, a kuma sa labule.

Waɗanne launuka ne ke tafiya da shi?

Ruwan madara, ruwan ƙasa, katako mai duhu, baƙi kaɗan, da tagulla ko ruwan gwal a jikin fitilu da firam ɗin hotuna. Kore mai duhu, musamman na ganyen shuke-shuken cikin gida, yana kwantar da jan domin kishiyarsa ne. Shuɗi mai duhu ma yana yi, a darduma ko matashin kujera.

Abin da nake gudu: fari fat mai yawa, toka mai sanyi, da kuma wani jan na biyu da ya kusa zama ɗaya da na bango amma bai zama ba. Labule mai ja zuwa ruwan goro a jikin bango mai ja zuwa shunayya faɗa suke yi. Katako mai ja-ja kuma yakan ɓace a jikin bangon, sai a raba su da wani abu mai haske.

Jan bango yana ƙara zafin ɗaki?

Ba wani abin a zo a gani ba, sai in rana tana faɗa wa bangon kai tsaye ta taga, nan launi mai duhu zai fi fari ɗaukar zafi. A waje ne launin bango da na rufi ke da babban tasiri.

Da gaske ne ja yana sa fushi, yana hana barci, yana buɗe ciki?

An fi faɗar waɗannan fiye da yadda aka tabbatar da su. Binciken da aka fi ambata shi ne na Russell Hill da Robert Barton na Jami'ar Durham a Ingila, a 2005, waɗanda suka duba wasannin dambe, kokawa da takwando na gasar Olamfik ta Atina a 2004, suka ga masu jajayen kaya sun ci kusan kashi 55 cikin ɗari na karawar. Wasu masana sun yi jayayya da fassarar daga baya. Ko ma dai yaya ne, rigar ɗan dambe mai ja wur a filin wasa daban, bangon falo mai duhu daban. Barci kuwa, da zarar an kashe fitila babu launin da ake gani, kuma hasken da aka sani yana jinkirta barci shi ne mai shuɗi-shuɗi. In kana son ja a ɗakin kwana, zaɓi mai duhu sosai, mai ruwan ƙasa.

Akwai guba a jan fenti?

A da akwai. Jan da masu kuɗin Rum suke so daga dutsen da ke ɗauke da zaiba ake samunsa, akwai kuma jan dalma da aka daɗe ana shafa wa ƙarfe don hana tsatsa. Fentin bango na ruwa daga kamfanonin kirki a yau ba ya amfani da waɗannan. Inda haɗarin yake shi ne tsohon fentin da ke jikin bango, ƙofa ko taga, da kuma wasu fentin mai a ƙasashen da doka ba ta yi tsanani ba. Amurka ta hana dalma a fentin gida a 1978, wasu ƙasashe sun yi nasu daga baya da yawa. Kada a kankare tsohon fenti a bushe inda yara ko mai juna biyu suke, domin ƙurar ce ke shiga jiki. A buɗe tagogi lokacin aiki da 'yan kwanaki bayansa.

Ba tsohon yayi ba ne?

Yana tafiya yana dawowa. Bangayen gidajen Pompeii a Italiya, da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, da yawansu ja ne, har aka sa wa wani nau'in ja sunan garin. Bayan an tono su, Turawa suka kwaikwaya: wani masanin gini ɗan Ingila mai suna John Soane ya yi wa ɗakin littattafai da cin abinci na gidansa a Landan irin wannan jan, gidan da yanzu gidan tarihi ne. Gidajen ajiye zane-zane na ƙarni na 19 sun so jan bango domin yana fito da firam mai ruwan gwal. A fadar shugaban Amurka ma akwai ɗakin da ake kira Jan Ɗaki, ko da yake shi yadi aka lulluɓa wa bangonsa.

In wani wuri ya ƙwarzane, zan iya ɗan taɓa shi kawai?

Ƙaramin ƙwarzane, i, da siririn buroshi da ragowar fentin nan dai, a ɗiga a kan tabon kaɗai ba tare da an baza ba. In wurin ya kai tafin hannu, facin zai fito, musamman idan haske ya zo ta gefe. Gara a sake bangon daga kusurwa zuwa kusurwa. Saboda haka ajiye lita ɗaya a ƙaramin mazubi mai murfi, ka rubuta sunan launin da lambarsa a jiki.

In na gaji da shi, zai rufu?

Zai rufu, amma ba da shafi ɗaya ba. A wanke bangon, in mai ƙyalli ne a ɗan goge shi da samfefa don sabon ya kama. A shafa firaima mai ƙarfin rufi sau ɗaya ko biyu, toka mai haske in sabon launin matsakaici ne, fara in fari ko ruwan madara za a koma. Sa'an nan shafi biyu na sabon launin. A bar kowanne ya bushe sarai kafin a duba, domin jan yakan leƙo ta cikin ɗanyen fenti ya ɓace bayan ya bushe. In bayan bushewa har yanzu akwai ruwan hoda, jan yana narkewa ne yana haurowa, sai a nemi firaimar da aka yi don toshe tabo, a shafa ta sau ɗaya kafin a ci gaba.